Ruwa, Shara da Lantarki a Bakin 'Yan Takarar Ƙananan Hukumomi

A duk inda ake zaɓen ƙananan hukumomi, da wuya ɗan takarar kansila ko na shugabancin majalisa ko na magajin gari ya kammala yaƙin neman zaɓensa bai taɓo ruwan sha da kwashe shara da hasken lantarki ba. Dalilin a fili yake. Waɗannan su ne ayyukan hukuma da mutum ke cin karo da su tun daga wayewar gari har zuwa kwanciyarsa, kuma rashinsu ba ya ɓoyuwa, domin famfon da ya ƙafe da jujin da ya toshe hanya ba sa buƙatar wani ya yi bayaninsu. Abin da ke damuna shi ne yadda alkawuran da ake yi a kansu suka kusa zama iri ɗaya a ko'ina: za a kawo ruwa kowace unguwa, za a tsabtace gari, ba za a ƙara wa kowa kuɗi ba. Mai zaɓe yana jin wannan daga bakin duk masu neman ƙuri'arsa, sai ya rasa ma'aunin da zai bambance wanda ya san aikin da wanda ya haddace kalmomin kawai. Ma'aunin kuwa yana nan, kuma a ganina ya fi karkata ga abin da ɗan takara ya ce game da kula da kayan da ake da su da kuma inda kuɗin kulawar zai fito, fiye da yawan sababbin ayyukan da ya lissafa.

Kafin a kai ga kuɗi, akwai tambayar iko, wadda sau da yawa ake tsallake ta. Kujerar da mutum yake nema tana da hurumin aikata abin da ya yi alkawari? Amsar ta bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila an sayar da hukumomin ruwa ga kamfanoni masu zaman kansu tun shekarar 1989, don haka majalisar gari tana kwashe shara amma ba ta da hannu wajen tsayar da kuɗin ruwa ko gyaran bututu, kuma kansilan da ya yi alkawarin rage kuɗin ruwa a can ya yi alkawari ne da abin da ba nasa ba. A Afirka ta Kudu lamarin ya sha bamban, domin tsarin mulkin 1996 ya ɗora wa hukumomin birane rarraba ruwa da lantarki da kwashe shara gaba ɗaya, ko da yake manyan madatsun ruwa suna hannun gwamnatin ƙasa. A Najeriya jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa kwashe shara da kula da banɗakunan jama'a da magudanan ruwa da fitilun kan titi cikin ayyukan ƙananan hukumomi 774, amma ruwan famfo na birane yana hannun hukumomin ruwa na jihohi, rarraba lantarki kuma ya koma hannun kamfanoni goma sha ɗaya tun watan Nuwamban 2013. Ko sharar ma da doka ta ba su, a manyan birane da dama hukumomin jiha ne suka karɓe aikinta. Hukuncin da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024, cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ya shafi hanyar da kuɗi ke bi, bai sauya wannan rabon aiki ba.

Wannan ba yana nufin kansila ya naɗe hannu a kan abin da ba ya ƙarƙashinsa ba. Yana iya tattara koken mazaɓarsa, ya kai shi gaban hukumar da ke da alhaki, ya bi sawu har a samu amsa, kuma wannan aiki ne mai daraja. Sai dai akwai tazara tsakanin wanda ya ce zai matsa wa kamfanin lantarki lamba har ya sauya taransifomar da ta ƙone da wanda ya ce zai kawo wuta dare da rana, kuma ɗan takarar da ya bayyana wannan tazara da kansa ya nuna cewa ya karanta dokar kujerar da yake nema. Rikicewar iko tana da tsada idan masifa ta zo. Lokacin da fari ya kusa ƙafar da famfunan birnin Cape Town a farkon 2018, har aka taƙaita wa kowane mutum lita 50 a rana, an ɓata lokaci mai yawa ana musayar zargi tsakanin hukumar birni mai rarraba ruwa da ma'aikatar ƙasa mai riƙe da madatsu. A garin Flint na jihar Michigan a Amurka kuwa, an koma ɗiban ruwa daga kogin garin a watan Afrilun 2014 don rage kashe kuɗi, a lokacin da gwamnatin jiha ta ɗora wani jami'in riƙo a kan zaɓaɓɓun garin, kuma ba a zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba, sai gubar dalma ta shiga ruwan da yara ke sha. Mutanen da mazauna garin suka zaɓa ba su ne ke da kalmar ƙarshe ba a lokacin da aka fi buƙatar su.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya a duba. Wa'adin kansila shekara uku ne ko huɗu ko biyar, amma bututun da aka binne a ƙasa ana sa ran ya yi shekara hamsin ko fiye, matatar ruwa ta yi shekaru gommai, injin turo ruwa kuma ya yi goma zuwa ashirin idan ana duba shi. Wannan bambancin tsawon rai shi ne tushen yawancin matsalar. Wanda ya jinkirta sauya tsohon bututu bana ba zai ga sakamakon jinkirinsa a cikin wa'adinsa ba, ya kuma samu rarar kuɗin da zai yi abin da ido ke gani, alhali wanda ya kashe kuɗin a ƙarƙashin ƙasa ba shi da abin da zai ƙaddamar a gaban jama'a. Tsarin zaɓe da kansa yana saka wa mai gina sabo, yana ƙyale mai gyaran tsoho ba godiya. Haka ake tara bashin gyara shekara bayan shekara, ba a rubuta shi a kowane littafin kuɗi ba, har ranar da babban bututu zai fashe ko cuta ta ɓarke, sai nauyin ya faɗa kan duk wanda ke kan kujera a ranar.

Ba ƙasashe matalauta kaɗai wannan ya shafa ba. A watan Agustan 2016 mutane kusan 5,500 daga cikin mazauna garin Havelock North na ƙasar New Zealand, waɗanda ba su wuce 14,000 ba, suka kamu da ciwon ciki bayan kashin tumaki ya gurɓata rijiyar da garin ke sha, kuma an danganta mutuwar mutum huɗu da lamarin. Ruwan ba a sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, domin an daɗe ana ɗauka cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa tsarkakakke ne, binciken da aka yi daga baya kuma ya gano sakaci wajen duba kawunan rijiyoyin. Abin da ya biyo baya shi ne kafa sabuwar hukumar sa ido kan ruwan sha ta ƙasa da kuma muhawara ta shekaru kan ko ya kamata a bar ruwa a hannun ƙananan majalisu. A yankunan karkarar Afirka kudu da Sahara kuma, bincike daban-daban sun nuna cewa tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na famfunan tuƙa-tuƙa ba sa aiki a kowane lokaci aka duba. Galibi ba ruwan ne ya ƙare a ƙasa ba. Wata 'yar roba ce ta cinye ko sanda ta karye, ba a kuma tanadi wanda zai gyara ba, ba a ajiye kuɗin sayen kayan ba. Saboda haka idan ɗan takara ya ce zai haƙa rijiyoyin burtsatse ashirin, tambayar da ta kamata ta biyo baya ita ce nawa ne a mazaɓar suka tsaya a yanzu, me ya tsayar da su, kuma wa zai riƙe sababbin bayan an cire allon ƙaddamarwa.

Akwai wani adadi guda da ma'aikatan ruwa ke auna lafiyar kowace hukumar ruwa da shi, wato kason ruwan da aka tace aka turo cikin bututu amma bai dawo da ko kwabo ba, ko don ya zube ta wuraren da suka fashe, ko don an ja shi ta haramtacciyar hanya, ko don babu mita, ko don ba a karɓi kuɗinsa ba. A birane da yawa wannan kaso yana kaiwa kashi ɗaya cikin uku, a wasu ma rabi. Garin da ke asarar rabin ruwansa, idan ya ci bashi ya gina sabuwar matata, tamkar mai ƙara zuba ruwa a rariya ne, domin rabin sabon ruwan ma hanyar da tsohon ya bi zai bi. Birnin Phnom Penh na Kambodiya ya nuna cewa ana iya juya lamarin. A 1993, lokacin da Ek Sonn Chan ya karɓi hukumar ruwan birnin, asarar ta kai kusan kashi 72 cikin ɗari. Aka sauya tsofaffin bututu, aka sa wa kowane gida mita, aka tilasta wa manyan jami'ai da sojoji biyan kuɗin da suka saba ƙin biya, aka gyara albashin ma'aikata tare da hukunta masu karɓar na goro, kuma cikin shekara goma sha biyar asarar ta sauko ƙasa da kashi goma. Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke da daɗin faɗa a dandalin kamfe, amma su ne suka kai ruwa unguwannin da ba su taɓa gani ba. Duk ɗan takarar da ya san wannan adadi na garinsa, ya kuma faɗi inda yake son kai shi kafin ƙarshen wa'adinsa, ya cancanci a saurare shi da kyau.

Batun farashi ya fi kowane ɓangare ɗaukar zafi, kuma a nan ne kyakkyawar niyya ta fi saurin cutar da wanda ake son taimako. A ranar 28 ga Yulin 2010 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa samun tsabtataccen ruwa da tsabtar muhalli haƙƙi ne na ɗan Adam, kuma ina tare da wannan matsayi ba tare da wani sharaɗi ba. Amma kasancewar ruwa haƙƙi ba ta biyan kuɗin lantarkin da ke turo shi, ba ta sayen sinadaran tacewa, ba ta biyan albashin mai gyara. Idan aka danne farashi ƙasa da abin da ake kashewa, ba a kuma cike giɓin daga kasafin kuɗi ba, hukumar ruwa za ta fara da daina faɗaɗa bututu, sannan ta daina gyara, sannan ta koma raba ruwa kwana-kwana. Waɗanda ke cin moriyar arahar su ne gidajen da tun farko suke da famfo, waɗanda galibi su ne masu hali. Mazauna unguwannin gefen gari da bututu bai kai ba suna ci gaba da sayen ruwa daga tankoki da masu turo kura, kuma an sha tabbatarwa a birane da dama cewa kowace lita tana tsaya musu ninki da yawa na abin da mai famfo ke biya. Alkawarin daskarar da kuɗin ruwa, idan aka bi diddiginsa, sau da yawa kyauta ce ga mai shi da aka cire daga rabon marar shi.

Akwai hanyoyin da suka fi wannan adalci. Gabanin zaɓen ƙananan hukumomi na Disambar 2000 a Afirka ta Kudu, jam'iyya mai mulki ta yi alkawarin ba kowane gida wani adadin ruwa kyauta, bisa abin da birnin Durban ya riga ya gwada, kuma daga 2001 aka tsayar da lita 6,000 a wata ga kowane gida, duk abin da ya haura nan kuma a biya shi da farashi mai hawa mataki-mataki, yadda mai cika wurin ninƙaya zai tallafa wa mai cika tulu. Tsarin yana da rauninsa, domin gida mai mutum goma sha biyu da gida mai mutum biyu adadi ɗaya suke samu, kuma inda gidaje da yawa ke raba famfo ɗaya sukan faɗa cikin matakin masu tsada ba da laifinsu ba. Duk da haka alkawari ne da aka faɗi girmansa, aka kuma faɗi wanda zai biya. Wata hanyar ita ce a karkatar da tallafi daga farashin lita zuwa kuɗin jona bututu, tunda sau da yawa abin da ke hana talaka samun famfo shi ne dunƙulallen kuɗin farko, kuma Phnom Penh ta yi hakan ta hanyar rangwame da biya kaɗan-kaɗan.

Muhawarar ko hukuma ce za ta riƙe ruwa ko kamfani tana yawan mamaye kamfe, kuma kowane ɓangare yana da misalin da yake kafa hujja da shi. A zaɓen 2008 magajin garin Paris, Bertrand Delanoë, ya yi alkawarin ba zai sabunta kwangilar rarraba ruwa da aka ba kamfanonin Veolia da Suez tun 1985 ba, ya kuma cika, domin a farkon 2010 aikin ya koma hannun hukumar birni, shekara guda bayan nan kuma aka rage farashi da kashi takwas cikin ɗari. A Cochabamba ta Bolibiya, zanga-zangar shekarar 2000 ta kori kamfanin da ya tsawwala farashi, amma hukumar gwamnati da ta karɓi aikin ta shafe shekaru ba ta kai bututu unguwannin talakawan kudancin birnin ba. Senegal kuma ta raba aikin tun 1996, gwamnati na riƙe da kadarori kamfani na gudanarwa, kuma an daɗe ana ambaton biranenta cikin waɗanda suka fi samun ruwa a yammacin Afirka. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne sunan mai riƙe da aikin bai kai muhimmancin sharuɗɗan da aka gindaya masa da kuma wanda ke duba cika su ba. Ɗan takarar da ya ce zai kawo kamfani, a tambaye shi ko za a buga kwangilar kowa ya karanta, shekara nawa za ta yi, kuma wane hukunci ke kan kamfanin idan ya gaza. Wanda ya ce zai dawo da aikin hannun hukuma, a tambaye shi yadda zai hana a mayar da hukumar wurin cusa 'yan siyasa da kuma yadda zai hana a kwashe kuɗin ruwa a yi wani abu da shi.

Shara tana da tata siffa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa biranen duniya sun fitar da shara tan biliyan 2.01 a 2016, kuma adadin zai iya kaiwa tan biliyan 3.4 nan da 2050. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ana kwashe kusan rabin sharar birane ne kawai, a karkara kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, kuma fiye da kashi casa'in na sharar waɗannan ƙasashe a fili ake jibge ta ko a ƙone. Duk da wannan gazawa, shara tana cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na kasafin biranen waɗannan ƙasashe. Yawancin 'yan takara suna tsayawa ne a kan rabin farko na aikin, wato ɗauke bola daga idon mai zaɓe, shi ya sa alkawarin sayen sababbin motocin shara ya zama ruwan dare. Motar kuwa tana buƙatar mai da taya da makaniki kowane mako, kuma harabar hukumomi da yawa cike take da motocin da suka tsaya tun ba su cika shekara biyu ba. Rabi na biyu, inda sharar ke zuwa bayan ta bar unguwa, kusan ba a jin sa a kamfe, domin mutanen da ke zaune kusa da babban juji ba su da yawan ƙuri'a kuma ba su da murya. Su ne suka mutu a watan Maris na 2017 lokacin da tsaunin shara na Koshe ya zaftare a Addis Ababa ya hallaka fiye da mutum 110, su ne kuma suka mutu a watan Agustan 2024 a jujin Kiteezi na Kampala, inda aka rasa fiye da mutum 30 a wurin da aka daɗe da sanin ya cika. Ina ganin bai kamata a bar ɗan takara ya sauka daga kan mumbari ba sai ya faɗi shekarun da suka rage wa jujin garinsa da kuma inda za a koma bayansa.

Wani alkawari da ya zama na zamani shi ne kafa masana'antar da za ta ƙone shara ta samar da lantarki. Irin waɗannan masana'antu suna aiki a ƙasashen arewacin Turai da Japan, inda sharar take cike da takarda da roba busassu, kuma ake da kuɗin tace hayaƙi. A biranen ƙasashe masu tasowa fiye da rabin sharar ragowar abinci ne da ganye, mai jiƙe, ga kuma ƙasa da toka a cikinta, kuma irin wannan ba ta cin wuta da kanta yadda injin ke so. Abin da ya fi dacewa da ita shi ne a ware ta tun daga gida a mayar da ita taki, wanda aiki ne mai araha kuma mai ɗaukar ma'aikata da yawa, sai dai ba shi da kwarjinin babbar masana'anta. Koriya ta Kudu ta bi wata hanyar tun 1995, inda ta wajabta zuba shara a cikin jakunkunan da ake saya daga hukuma, kayan da za a sake sarrafawa kuma a karɓe su kyauta, sai kowane gida ya samu dalilin rage abin da yake zubarwa. Tsarin yana buƙatar hukuma mai iya hana zubar da shara a ɓoye cikin dare, kuma inda babu wannan ƙarfi yana iya ƙara cika kwatoci.

Sannan akwai mutanen da ke cikin sharar da kansu. A kusan kowane babban birni na Afirka da Asiya da Latin Amurka, masu tsintar ƙarafa da robobi da kwalaye su ne ainihin masu sake sarrafa kaya, ba tare da albashi ko safar hannu ba. Manufar ɗan takara a kansu tana bayyana halinsa sosai. A Alƙahira an ba kamfanonin ƙasashen waje kwangilar shara a 2003 ba tare da la'akari da al'ummar da ta gaji wannan sana'a ba, wadda take ceto kaso mafi yawa na abin da ta kwasa, kuma sakamakon bai gamsar da mazauna birnin ba. A birnin Pune na Indiya kuwa hukumar gari ta ƙulla yarjejeniya a 2008 da ƙungiyar haɗin gwiwar masu tsintar, akasarinsu mata, suka riƙa bi gida-gida suna karɓar shara, mazauna na biyan su ɗan kuɗi kai tsaye, su kuma suna sayar da abin da suka ware. Ma'aikatan hukuma ma suna cikin lissafin. Majalisar birnin Birmingham a Ingila ta bayyana a watan Satumbar 2023 cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, matakan tsuke bakin aljihu da suka biyo baya kuma suka kai ga yajin aikin masu kwashe shara, har a ƙarshen Maris na 2025 majalisar ta ayyana lamarin a matsayin babbar matsala ta gaggawa da tan 17,000 na shara jibge a tituna. Wannan birnin ne a shekarun 1870, ƙarƙashin magajin gari Joseph Chamberlain, ya sayi kamfanonin iskar gas da na ruwa ya mayar da su mallakar gari, ya zama abin koyi ga biranen duniya.

Kuskure ne kuma a ɗauki ruwa da shara da najasa a matsayin batutuwa uku da kowanne ke zaman kansa. Sharar da ba a kwashe ba tana gangarawa magudana ta toshe ta, ruwan sama ya rasa hanya ya shiga gidaje ya cika masai, najasa ta malalo ta kwanta a kan bututun da ya tsage. Inda ake ba da ruwa na 'yan sa'o'i a ɗauke, bututu yakan zauna babu matsi a cikinsa, sai ya tsotso ƙazantar da ke kewaye da shi, ruwan farko da zai zo gobe ya ɗauko ta zuwa randunan mutane. Ta wannan hanya amai da gudawa da zazzaɓin taifot ke yaɗuwa, kuma an san alaƙar tun 1854 lokacin da likita John Snow ya bi sawun annobar kwalara a Landan har zuwa famfo guda a wani titi. Amma yashe masai da wurin zubar da abin da aka yaso kusan ba sa shiga takardar manufofin kowa, saboda magana ce da ake jin nauyin faɗa a bainar jama'a, alhali mafi yawan mazauna biranen Afirka da kudancin Asiya ba su haɗe da bututun najasa ba, da rami suke amfani.

A kan lantarki ba sai an tsawaita ba, domin a mafi yawan ƙasashe ƙaramar hukuma ba ta samar da shi kuma ba ta rarraba shi. Abin da ke hannunta shi ne fitilun tituna da wutar kasuwanni da asibitocin unguwa da injinan ruwa, kuma a nan hasken rana ya buɗe ƙofa ta gaske, muddin an sa kuɗin sauya batir a cikin lissafi tun ranar farko, tunda batir yana mutuwa shekaru da yawa kafin faifan da ke zuƙar hasken ranar. Inda birane ke sayar da wuta da kansu, kamar Afirka ta Kudu, jarabawar ta daban ce: ana karɓar kuɗin wuta daga jama'a a biya albashi da wasu buƙatu da shi, a bar kamfanin Eskom da ya samar da wutar yana bin bashi, kuma bashin da hukumomin birane suka tara ya haura rand biliyan 70, kuɗin ƙasar, a shekarar 2024.

Kansila ɗaya ba ya gina matata, kuma a majalisu da yawa ƙuri'a ɗaya ce tasa cikin goma sha biyar ko talatin. Ƙarfinsa na gaske yana bayyana a ranakun da ba kowa ke zuwa kallo ba: ranar da za a amince da kasafin kuɗi, ranar da za a tsayar da farashi, ranar da za a sabunta kwangilar shara, da ranar da injiniyan hukuma zai kawo rahoton da ba a son ji. Saboda haka tambayoyin da suka fi amfani a taron ganawa da 'yan takara su ne waɗanda suka shafi waɗannan ranaku. Kashi nawa na kasafin zai nemi a keɓe wa gyara, kuma zai yarda a kulle kuɗin ruwa a asusun da ba a taɓa shi don wani aiki? Zai goyi bayan a riƙa liƙa sakamakon gwajin ruwa kowane wata inda jama'a za su gani, tare da jadawalin ranakun zuwan motar shara kowace unguwa, domin mazauna su iya kama hukuma da abin da ta rubuta da hannunta? Ofisoshin gwamnati da barikoki da manyan gidaje da suka tara bashin ruwa, zai amince a yanke musu kamar yadda ake yanke wa kowa? Ga wanda ya taɓa riƙe kujerar kuma yake neman komawa, amsar tana cikin kundin zaman majalisa, inda aka rubuta yadda ya jefa ƙuri'arsa a kowane kasafi da kowace kwangila, kuma a wurare da yawa doka ta ba mazaunin gari damar neman a nuna masa wannan kundi kafin ranar zaɓe.